Ɗan tsakon da ya kasa tsayuwa: ɗumi tukuna, sai ruwa, sannan abinci

Duk wanda ya taɓa ƙyanƙyasar ƙwai, da inji ne ko ta kaza mai kwanci, ya san wannan ɗan tsakon. 'Yan'uwansa sun bushe, gashinsu ya tashi, suna ta kai da kawowa suna tattaka juna, shi kuwa yana can gefe a yashe, ido a rufe, wuya ya langaɓe. In ka taɓa shi sai ya ɗan yi tsuwa ya koma ya kwanta. Abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne yunwa ce ke damunsa. Sai a nemo sirinji ko ƙaramin cokali, a ɓare masa baki, a yi masa ɗura. Bayan awa guda a tarar ya sandare, a ce ai dama ba mai rayuwa ba ne. Ni dai a ganina, da yawa daga cikin irin waɗannan 'yan tsaki taimakon da aka ba su ne ya ƙarasa su.

Kafin a gane dalili sai an leƙa cikin ƙwan tun bai fashe ba. Ƙwan kaza yana ɗaukar kwana 21. Daga wajen kwana na 19 zuwa na 20 tsakon yana janye ragowar gwaiduwa zuwa cikin cikinsa ta cibiya, daga nan cibiyar ta rufe. Saboda haka tsakon da nauyinsa duka-duka bai wuce giram 40 ba yana fitowa duniya da guzurinsa a ciki, kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, wani lokacin ma fiye. Wannan guzuri kan riƙe shi kwana biyu zuwa uku ko bai sa komai a bakinsa ba, kuma da shi ne manyan kamfanonin ƙyanƙyasa ke dogara har suke ɗura 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya a kwali su aika da su ƙasa zuwa ƙasa ta jirgin sama. Tsakon da ya fito ɗazu-ɗazu, kome lalacewar da ka ga ya yi, da wuya a ce yunwa ce ke neman ransa.

Akwai kuma gajiya, wadda mutane da yawa ke ɗauka ciwo ce. Fita daga ƙwai aiki ne ja. Tsakon yakan fara huda tantanin da ke raba shi da ɗan gurbin iskar da ke faffaɗan gefen ƙwan, ya shaƙi iska da huhunsa karon farko. Sai ya sa ɗan ƙayan da ke kan bakinsa ya fasa ɓawon, ya tsaya ya huta, hutun da kan kai awa 12 ko ma 24. Bayan nan ya riƙa juyawa yana tsattsaga ɓawon a kewaye har ya ture murfin ya faɗo. Kafin ya gama ya ƙone kusan duk sukarin da ya tara a hanta da tsoka. Don haka in ka gan shi jiƙe sharkaf, kwance rub da ciki kamar an jefar da tsumma, sau da yawa ba komai ba ne illa barcin wanda ya sha aiki. A bar shi a cikin injin ko a ƙarƙashin uwar har ya bushe. Wanda ya kamata hankali ya tashi a kansa shi ne wanda ya bushe, aka yi awanni, sauran sun miƙe, shi bai miƙe ba.

To, idan aka tabbata mai rauni ne, abu na farko ɗumi ne, kuma nan ne na fi son a tsaya a fahimta sosai. Babbar kaza tana riƙe zafin jikinta wajen digiri 41 a ma'aunin Salsiyos ko ana sanyi ko ana zafi. Ɗan tsako bai iya wannan ba tukuna. A kwanakin farko jikinsa yana bin yanayin wurin da yake ne, kusan kamar ƙadangare, kuma sai ya kai wajen mako biyu kafin ya fara iya sarrafa zafinsa da kansa yadda ya kamata. Zafin da ake so a samu a jikinsa shi ne digiri 40 zuwa 40.5. Da zarar ya sauka ƙasa da haka, komai na jikinsa sai ya yi sanyi tare: bugun zuciya ya ragu, hanji ya daina motsi, ƙarfin haɗiya ya tafi. Abincin da aka cusa wa tsako mai sanyi ba ya narkewa. Yana nan zaune a 'yar jakar nan da ke gindin wuya, inda abinci ke fara taruwa kafin ya gangara ƙundu, har ya yi tsami. Ruwan da aka zuba masa kuwa, tunda ba shi da ƙarfin haɗiyewa, huhu yake nufa.

Ba sai kana da ma'aunin zafi za ka gane ba. Ɗauki tsakon ka kanga tafin ƙafarsa a kumatunka ko a wuyanka. In ka ji sanyi, to sanyi yake ji, ko da kuwa kai gumi kake yi. Masu kiwo a manyan gonaki ma da wannan dabara suke amfani.

Wurin da za a ajiye shi ya kasance tsakanin digiri 32 zuwa 35 a daidai tsayin bayansa, ba a can saman kwali ba, kuma a makon farko ke nan. Daga nan ana rage kamar digiri 3 kowane mako. Ƙaramin kwali da tsumma mai kaushi a ƙasa ya wadatar. Ƙwan fitila mai zafi daga sama, ko gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul, ko ma tafin hannu biyu a jikin ƙirji kafin a gama haɗa wurin, duk suna aiki. A kula da ƙasan da yake kwance a kai, domin ta ƙafa da ciki zafi ya fi saurin gudu daga jikinsa. Kwalin da aka dire a kan siminti mai sanyi yana zuƙe duk ɗumin da fitila ke bayarwa. Sai dai ga wani tarko. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a yi gefe mai zafi da gefe mai sanyi, tsakon ya zaɓi inda ya yi masa. Wannan na masu lafiya ne. Mai rauni ba ya iya jan jiki ya bar wurin da ya yi masa zafi, inda ka ajiye shi nan zai kwanta har ya dahu. Kai ne ƙafafunsa. In ka ga ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, ka janye shi nan take. Wanda kuma zai yi amfani da gawayi ko fitilar kananzir, ya bar wa iska hanya, don hayaƙin da ba a gani ya kan kashe tsako tun mutumin da ke ɗakin bai ji komai ba.

A ba shi rabin awa zuwa awa guda a cikin ɗumin nan ba tare da an sa masa komai a baki ba. Abin mamaki, wasu daga nan suke buɗe ido su miƙe, shi ke nan magani ya ƙare.

Sai ruwa. Ƙishirwa ta fi yunwa saurin kayar da tsako, musamman wanda ya riga 'yan'uwansa fitowa. Ƙwai da aka sa rana ɗaya ba sa fashewa lokaci ɗaya. Tsakanin na farko da na ƙarshe akan samu yini guda ko fiye, kuma duk wannan lokacin na farkon yana zaune cikin iska mai zafi yana bushewa. Alamar tana ƙafa: ta tsako mai ƙoshin ruwa cike take tana sheƙi, ta mai ƙishirwa kuwa ta motse, ta yi duhu, jijiya ta fito.

Yadda ake ba da ruwan shi ne inda akasari ake yin kisan. Kaza ba ta iya zuƙar ruwa kamar tantabara. Tana ɗiba ne da baki ta ɗaga kai ya gangara. Sannan ƙofar hanyar numfashinta tana nan a fili a gindin harshe, ba ta da ɗan murfin nan da ke rufe tamu idan muna haɗiya. Duk wanda ya buɗe bakin tsako ya matsa sirinji a tsakiya, ƙofar huhu ya saita. Hanyar da ta fi aminci ita ce a riƙe shi a tsaye yadda zai zauna da kansa, kada a kwantar da shi rigingine, kada kuma a matse masa ƙirji, don tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi. A tsoma tsinin bakin kaɗai a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da hancin, a saki ya ɗaga kai. In bai da ƙarfin haka, a ɗiga ɗigo ɗaya a gefen baki daga waje, ruwan zai bi tsagar bakin ya shiga da kansa. A jira a ga maƙoshi ya motsa kafin a ƙara wani. Ɗigo uku ko huɗu duk bayan minti 20 ko 30 sun fi cokali guda a lokaci ɗaya amfani nesa ba kusa ba. In kumfa ta fito ta hanci, ko aka ji wani ƙas-ƙas a numfashinsa, a dakata, ya sarƙe ke nan. Wanda kuma ba ya haɗiya sam, a mayar da shi ɗumi, lokacin ruwa bai yi ba.

Ɗan sukari a ruwan yana taimakawa, tunda mun ce ya ƙone nasa wajen fita. Ƙaramin cokali ɗaya a ruwa mililita 100 ya isa, ko garin gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa kaji in akwai. Amma na yini ɗaya ne kawai. In aka zarce, ko aka cika sukarin, zawo zai biyo baya ya ƙara tsotse ruwan da ake neman mayarwa. Madara kuwa a bar ta gaba ɗaya, cikin tsuntsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta.

Yanzu mu zo kan abinci, inda maganar ta ɗan murɗe. Na ce gwaiduwa na riƙe shi kwana uku, kuma gaskiya ne, amma kada a ɗauka cewa hakan na nufin a bar shi kwana uku. Gwaiduwar nan ba mai da furotin kaɗai ke cikinta ba, a cikinta ne uwa ta zuba masa sinadaran garkuwar jiki da za su kare shi daga cututtukan da ita ta taɓa haɗuwa da su, har zuwa makonni biyu ko uku kafin tasa garkuwar ta tsaya da ƙafarta. Tsakon da bai samu abinci ba dole ya ƙone wannan gadon don ya samu ƙarfin numfashi, kamar mai fasa ƙofar ɗakinsa ya hura wuta. Bugu da ƙari, shigar abinci ne ke tayar da hanji ya fara girma, kuma tsakon da ya ci da wuri ya fi saurin shanye gwaiduwarsa fiye da wanda aka bari da yunwa. Guzurin yana kuma ɓoye matsala. Tsakon da bai koyi ci ba zai yi ta yawo cikin 'yan'uwansa kamar lafiya lau, sai a kwana na huɗu ko na biyar a wayi gari ya mutu, a yi ta neman wace cuta ce ta shigo, alhali tun ranar farko bai taɓa cin komai ba. Abin da ake nufi dai shi ne kada a yi gaggawar minti, kada kuma a yi sakacin kwana. Da zarar ya ɗumama, ya sha, ya iya riƙe kansa, a gabatar masa da abinci.

Mafi dacewa shi ne abincin farko na 'yan tsaki, wanda furotin ɗinsa ke tsakanin kashi 18 zuwa 22 cikin ɗari. A jiƙa kaɗan da ruwan ɗumi ya yi laushi. In babu shi a hannu, dafaffiyar gwaiduwar ƙwai da aka murmushe tana tsayawa na yini ɗaya ko biyu, kuma ba abin ƙyama ba ne, ai da ita aka gina shi. Ɗanya ce ba na so, don tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta kuma tana saurin lalacewa. Abin da za a guje wa shi ne abincin kaji masu ƙwai: sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ya kai wajen kashi 4 cikin ɗari, tsako kuwa kashi 1 yake bukata, rarar tana lalata masa ƙoda. Burodi da tsabar hatsi zalla suna cika ciki ba sa gina jiki. Jiƙaƙƙen abinci a wuri mai digiri 35 ba ya daɗewa, a riƙa zubar da tsohon ana sake sabo bayan 'yan awanni.

Ba a cusa masa. Koya masa ake yi, yadda uwa ke yi: tana tsattsagar ƙasa, ta ɗauki ƙwaya ta saki, tana wani ɗan kira. A barbaɗa abincin a kan tsumma a gabansa, a riƙa ƙwanƙwasa wurin da farce. Idonsa na bin abin da ke motsi, kuma sara a jininsa take. Ko a shafa ɗan kaɗan a gefen bakinsa ya lashe. Shaidar cewa ya ci tana jakar wuyan nan, wadda ke ɗan karkata ɓangaren dama. A taɓa a hankali da yatsa. In ta yi taushi ta cika, ya ci ya sha. In ta yi tauri har ana jin ƙwayoyin abinci, ya ci bai sha ba. In ba komai, bai fara ba. In kuwa ta cika ta ƙi sauka bayan awanni, kada a ƙara, a koma kan ɗumi da ruwa. Kamfanin Aviagen, mai samar da irin kajin nama, yana shawartar manoma su tabbata fiye da kashi 95 cikin ɗari na 'yan tsakinsu jakarsu ta cika bayan awa 24 da sauke su, wanda ke nuna irin nauyin da masu sana'ar ke ba wannan ɗan gwajin yatsa.

Duk wannan na tsakon da sanyi, ƙishirwa ko gajiya suka kayar ne. Rauni kuwa alama ce kawai, kuma abin da ke ƙarƙashinta ya bambanta. A juya shi a duba cibiya. Lafiyayyar cibiya a rufe take, a bushe, sai an hura gashi ake ganinta. In akwai ɗan busasshen zare a jikinta, kada a ja, zai faɗi da kansa. Jan sa na iya fito da hanji. In ta ɗan buɗe, a shafa aidin a ware shi a wuri mai tsabta kada 'yan'uwa su sare ta. Amma in cibiyar ta jiƙe ta yi ja ko baƙi, ciki ya kumbura ya yi ruwa-ruwa, ga wari, to ƙwayoyin cuta, galibi E. coli, sun shiga jakar gwaiduwar. Guzurin da ya kamata ya rayar da shi ya zama abincin cuta. Wannan na cikin manyan masu kashe 'yan tsaki a makon farko, kuma gaskiya mai ɗaci ita ce ba kasafai magani ke ceto ba, ko a hannun likitan dabbobi. Ɗabi'ar nan ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da zarar an ga tsako ya yi laushi ba ta burge ni. Ba ya ɗumama mai jin sanyi, ba ya rufe cibiya, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Kada a rikita cibiya da dubura, suna kusa da juna. Duburar ce ke ƙarƙashin wutsiya, kuma kashi kan manne ya bushe ya toshe ta, musamman bayan sanyi ko zafi ya yi yawa. A jiƙa da auduga da ruwan ɗumi har ya saki, ba a ɓamɓarowa, a busar da shi sosai kafin a mayar.

Wani kuma ƙarfinsa lau, ƙafa ce ta ƙi. Ƙafafu sun baje hagu da dama kamar mai iyo, yawanci saboda an sa shi a kan abu mai santsi, irin takardar jarida ko leda. Wannan yana gyaruwa in an yi da wuri, tun ƙashi da jijiya suna da taushi: a ɗaure ƙafafun biyu da siririn filasta a bar tazarar tsayuwa ta daidai a tsakaninsu, a sa shi a kan shimfiɗa mai kaushi, a riƙa dubawa kullum, cikin kwana biyu zuwa huɗu da yawa suna miƙewa. Mazubin ruwansa ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, don mai ɗaurarriyar ƙafa in ya faɗa ba ya iya fita. Yatsun da suka nannaɗe ciki kan nuna ƙarancin bitamin B2 ko matsalar zafin inji. Wuyan da ya murɗe ko kan da ya koma baya yana kallon sama kan zo da ƙarancin bitamin B1 ko E, kuma tushensa sau da yawa abincin uwar ne. Tsohuwar alaƙa ce tsakanin kaji da wannan fanni: a kan kajin da suka shanye bayan cin gogaggiyar farar shinkafa ne likitan Holan Christiaan Eijkman ya yi bincikensa a tsibirin Java cikin shekarun 1890, aikin da ya kai ga gano bitamin B1, ya kuma ba shi kyautar Nobel a 1929. Ɗigon bitamin na kaji a ruwan sha yakan taimaka wa irin waɗannan. Mai buɗe baki yana kokawar numfashi alhali ba zafi yake ji ba, a tuhumi shimfiɗar da ta yi funfuna.

In tsako ɗaya ne cikin talatin, ƙaddara ce da kowane mai kiwo ke gani. In sun yi yawa, a daina kallon 'yan tsakin a kalli injin. Zafin da ya haura digiri 37.5 sosai yana fito da su da wuri, ƙanana, cibiya ba ta gama rufewa ba. Danshi da ya yi yawa yana hana ƙwai rage ruwa yadda ya kamata, su fito da ciki a kumbure. Ƙwan da ya daɗe a ajiye fiye da mako guda, ko mai datti, shi ma rauni yake haifarwa. Haka ɓare wa tsako ƙwai don tausayi tun jijiyoyin jinin tantanin ba su ƙafe ba, garin neman gira a rasa ido.

Akwai wanda ba zai tashi ba, kuma a nan ba na bin masu cewa a yi ta fama har ƙarshe. Hanji a waje, ƙoƙon kai a buɗe, ko ciki ya ruɓe yana wari, ci gaba da ɗiga masa ruwa tsawaita wahala ce. A nemi likitan dabbobi ko gogaggen mai kiwo ya kawo ƙarshenta cikin sauri. A kuma wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, lafiyayye ne ko marar lafiya, don 'yan tsaki kan ɗauki ƙwayar cutar Salmonella ba tare da sun nuna alama ba, kuma yara ƙanana sun fi saurin kamuwa.

Wanda ya farfaɗo kuwa, kaɗaici ne sabuwar matsalarsa. Tsako shi kaɗai yakan yi ta tsuwa mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, wadda ta sha bamban da 'yar siririyar muryar mai jin daɗi, kuma kukan kansa yana cin ƙarfi. In ba ciwo mai yaɗuwa gare shi ba, a kawo masa ɗaya daga cikin 'yan'uwan, mafi ƙanƙanta kuma mafi sanyin hali. Sau da yawa ganin wancan yana sarar abinci ya fi duk ƙwanƙwasar farcenka saurin koya masa. Idan ya kai yana tsayawa, yana zuwa wurin ruwa da kansa, ana kuma samun abinci a jakar wuyansa ba tare da an taimaka ba, a ɗiga masa ɗan launi a ka don a gane shi, a mayar da shi cikin taron da yamma lokacin da suke shirin kwanciya. Washegari, bayan sun yi awa guda a bakin abinci, a laluɓo mai launin a taɓa gindin wuyansa.